Laifin da Gwaggo Ta Ɗaukar Mini

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika a ɗakinta, kanta a kan cinyar mahaifiyata, bayan jinyar da ba ta wuce kwana tara ba. Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Ina ofis a Kano waya ta same ni. Kafin motar Minjibir ta cika, kafin in sami mai babur da zai ratsa gonaki da ni zuwa ƙauyenmu, har an kai ta an dawo. Ban ga fuskarta ba.

Baba na fara tararwa a zaure, yana zaune a tsakiyar maza, ƙasar makabarta ba ta gama bushewa a ƙafarsa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?"

Ya ce, "Mun gode Allah." Sannan ya ƙara da cewa, "Yaya ta tafi. Yau ba sauran wanda zai kira ni da sunan yarinta ya yi mini faɗa."

A cikin gida ba wurin sa ƙafa. Ba koke-koke ake yi ba, Gwaggo ta sha cewa duk wadda ta yi mata kururuwa a kan gawa ba ta yafe ba. Kowa dai tana share ido da bakin mayafi tana faɗin abin da ta sani. Wata Bafulatana mai tallar nono, wadda ta shekara ashirin tana sauke ƙwaryarta a inuwar ɗakin Gwaggo, ta ce, "Yanzu a garin nan ina zan zauna in sha ruwa ba a tambaye ni abin da ya kawo ni ba?" Wata kuma daga lungu ta ce, "Cikinta rumbu ne. Ta tafi da abin da kowa ya zuba." Da yamma wani dattijo da ya yi ritaya daga ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya zo a kan tsohon kekensa, ya gaisa da maza, ya aiko a ce wa mata shi ma ya yi rashi, don duk rigimar da ta gagare shi a yankinmu wurinta yake kawowa a ɓoye.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne yadda matan suke juyowa kaina. Sun san abin da na karanta, sun san aikina. Sai su ce, "To, ga magajiyarta nan. Allah Ya sa ki gaje ta." Ina cewa amin, kaina a ƙasa. Su suna zaton kunyar yabo nake ji. Wata kunyar ce daban, kuma ita ce ta sa nake wannan rubutu.

Gwaggo ta haifi uku, duk suka koma tun suna goye. Da mijinta ya rasu ta dawo kusa da Baba, aka kewaye mata ɗaki biyu da dangar kara a jikin gidanmu. Daddawa ce sana'arta. Sauran masu daddawa yara suke ɗora wa talla, ita kuwa da kanta take ɗaukar ƙwaryarta ta bi gida gida, ta ce ƙafarta ba ta son zama. Sai da na girma na gane ƙwaryar nan ita ce takardar izininta. Ba gidan da zai yi mamakin ganin mai daddawa, ba maƙwabcin da zai ce me ya kai ta.

In ta shiga gida ba fuskar mutane take fara dubawa ba, murhu take dubawa. In ta ga toka ta kwana ba a taɓa ba, ba za ta ce uffan ba. Za ta dafe ƙugu ta ce bayanta ya matsa mata, ko matar gidan za ta zo ta taya ta wankin kalwa? Matar ta zo ta yi aikin da bai kai ya kawo ba, ta koma da dawa a ƙulle a zani, da sunan ladan aiki. Takan ce, "Ba a tambayar mai yunwa ko yana jin yunwa. Ƙarya za ka sa shi."

Shekarar da idon wani maƙwabcinmu ya rufe, ciyawa ta nemi cinye masa gero, maza suna wucewa suna cewa Allah Ya kyauta. Gwaggo ta je gidan mai unguwa ta gaishe shi, ta ce ba wani abu ba ne, ta zo ne ta sanar da shi gobe da safe za ta ɗauki fartanya ta shiga gonar makaho, ita tsohuwa, ga shi gonar a bakin hanyar da mutanen wasu garuruwa suke bi zuwa kasuwa. Kashegari kafin ta gama ɗumamen tuwo, gonar ta cika da maza. Ta aika musu da kunu, ta ce a gaya musu ta gode da suka hutar da ita.

Ba waliyyiya ba ce. Bakinta ya fi barkono, kuma in ta yi fushi ba ta saurin hucewa. Da Baba ya sare wata ɗorawa a gonar gado don tana yi wa dawa inuwa, damina biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta ce itacen ya girme shi, kuma ya fi shi amfani. Duk da haka ko sau ɗaya miyar gidanmu ba ta rasa daddawa ba. Ta kan danga take miƙo wa mahaifiyata, ta ce, "Ki sa wa yara. Wancan mai gatarin in ya ci, shi da Allah."

Da na sami gurbin jami'a, ta tambaye ni likita zan zama ko malama. Na ce a'a, aikin walwalar jama'a zan karanta: yadda ake taimakon iyalin da ya shiga wani hali, marayu, masu naƙasa, gidan da zaman lafiya ya ƙi.

Ta ce, "Shekara nawa?"

Na ce huɗu.

Ta jinjina kai. "To, ki buɗe kunne da kyau. In kin dawo ki koya mini. Akwai abubuwan da suke gagara ta." Na yi dariya, na ɗauka ba'a ce irin tata. Da gaske take.

Ba zan ci amanar malamaina ba, abin kirki suka koya mana. Tun shekarar farko ake nanata mana riƙe sirri, da neman izinin mutum kafin ka rubuta shi ko ka kai masa baƙo. Sai dai misalan littattafanmu duk na birni ne, inda mutum zai shiga ofis ya rufe ƙofa, maƙwabcinsa bai san ya je ba. Malama ɗaya ce take yawan tuna mana cewa yawancinmu ƙauye za mu yi aiki, inda kowa ya san kakan kowa. Ita ta dage sai an tura mu karkara aikin gwaji na mako shida a shekara ta uku. Kowane ɗalibi zai samo iyali ɗaya da yake aiki da su, ya rubuta rahoto, ita kuma ta zo ta gani da idonta ta ba da maki. Na zaɓi ƙaramar hukumarmu, na sauka a ɗakin Gwaggo.

Lokacin kaka ne, ana cirar gyaɗa. Tun kwanan farko na lura da wata mai jego da take shigowa kowace safiya ta ƙofar baya, uwar mijinta na biye da ita da jaririya a hannu. Sa'ata ce, gidansu na huɗu daga namu, haihuwarta ta fari, wata biyu da suna. A gari an san Gwaggo ta ɗauke ta ɓarar gyaɗa. A cikin gida kuwa ba ta ɓare ko guda goma. Takan zauna ta ƙura wa bango ido. Ba ta barci, ba ta son ba da nono, wani lokaci ta ce wannan ba 'yarta ba ce, an canza mata. Mutum uku kaɗai suka sani: mijinta, uwarsa, sai Gwaggo.

Gwaggo takan goya jaririyar, ta dama wa uwar kunu ta ba ta a baki. Sai ta zauna a jikinta tana ba ta labarin banza, na kaza, na tsadar kanwa, har ta lallaɓa ta ɗora mata 'yar a ƙirji. In jaririyar ta sha ta ƙoshi, Gwaggo ta ce, "Kin ga, ta san ki. Ba ta yi wa kowa haka."

A mako na biyu ta tambaye ni, "A karatun naku an san irin wannan?"

Na ce an sani, ciwo ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani a asibiti.

Fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi. Na faɗa musu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ban hana ba, amma raina yana ba ni na asibiti ne. Mako uku ina lallashin uwar mijin nan, sai shekaranjiya ta yarda. Da an gama gyaɗa za mu tafi da ita birni, a ce ganin dangi. Ke za ki nuna mana ƙofar da ake bi." Sai ta nuna ni da yatsa. "Amma abin da kika gani a gidan nan, a gidan nan zai kwana."

Na ce to.

A lokacin ban sami iyalin da zan rubuta ba. Duk gidan da na shiga da fom a hannu, sai a shimfiɗa mini tabarma a kawo ruwa, in tambaya a ce lafiya lau, komai alhamdu lillahi. Abokan karatuna suna kira suna ba ni labarin nasu, ni takardata fara. Ga kuma wannan a gabana, irin wanda duk ajinmu ba mai kamarsa. Na gaya wa kaina taimako ne, ai asibitin ake nema. Na rubuta komai, har da unguwa da kwatancen gida, na aika.

Malama ta kira ni. Ta yaba, sannan ta ce, "Kin nemi izininsu?"

Na ce, "Na nema."

"Sun yarda mu zo?"

"Sun yarda."

Ni na zaɓi ranar, kuma na zaɓi ranar da na san Gwaggo za ta tafi kasuwa sayen kalwa. Wannan shi ne abin da ban taɓa iya yi wa kaina bayaninsa ba. Da ban san laifi nake yi ba, me ya sa na jira ta fita?

Suka zo a farar motar ofis mai rubutu a jiki, Malama da wani jami'i da 'yan ajinmu biyu. Mota a ƙauyenmu shela ce. Kafin mu kai ƙofar gidan, mutanen da suke tsinkar gyaɗa a gindin dalbejiya duk sun miƙe. Direba ya leƙo da kai, da murya irin ta mai neman hanya, ya ce, "Nan ne gidan mai taɓin hankalin?"

Har yau ina jin shirun da ya biyo baya.

Muka yi sallama muka shiga. Uwar mijin tana tankaɗe, ta miƙe da rariya a hannu tana kallon baƙi, tana kallona. Mai jego ta fito daga ɗaki, ta ga mutane da takardu, sai ta wawuri jaririyar da ta yi wata biyu tana ƙi, ta ƙanƙame ta tana ihu an zo ƙwace mata 'ya. Ihun ya kai har bakin rijiya. Malama ta dubi fuskar tsohuwar sau ɗaya ta gane. Ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta ce mu fita.

A waje ta ce mini, "Mutanen nan ba su san da zuwanmu ba."

Na ce, "Na gaya wa gwaggona, ita take kula da mai jegon. Ta ce za ta sanar da su."

Ƙarya ta biyu ke nan. Ni na fara ɗora mata laifin, tun kafin ta ɗauka.

Bayan la'asar Gwaggo ta dawo, ko kayan ba ta gama saukewa ba uwar mijin ta faɗo gidan ba sallama. Mata sun yi cirko-cirko a bayan danga. Tsohuwar ta ce, "Ke na ba amana. Duk garin nan ke kaɗai na buɗe wa cikina. Yau an kira gidan ɗana gidan mahaukaciya a gaban maza."

Gwaggo ba ta san komai ba, amma ba ta tambaya ba. Ta juyo ta dube ni, ina tsaye a ƙofar ɗaki, kallo ɗaya. Sannan ta sauke ƙwaryar daga kanta, ta durƙusa a gaban matar da ita Gwaggo ta girma da shekaru, ta ce, "Ni na sa ta. Na ga abin ya fi ƙarfina, na ce ta kira malamanta. Yarinya aike aka yi mata. Na yi kuskure, ki yafe ni."

Tsohuwar ta ce, "Ni da ke sai a gaban Allah." Ta fita.

Ina da baki a lokacin. Kalma uku ta isa. Ban faɗa ba.

Da mutane suka watse, maimakon in faɗi a ƙafarta, sai na hau kare kaina. Na ce ai ciwo ne, ɓoyewa ba magani ba ce, irin wannan rufa-rufar ce take kashe mata a ƙauye. Har na ce, "Ku da ba ku yi karatu ba ba za ku gane ba."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Na ce miki ba ciwo ba ne? Wa ya fara cewa asibiti, ni ko ke? Karatunki ya gaya miki sunan ciwon, na gode masa. Bai gaya miki sunan da za a riƙa kiranta da shi a bakin rijiya ba? Kwana goma ya rage mu tafi. Kwana goma."

Na ce, cikin kuka, "To me ya sa kika ce ke ce?"

"Ni na tsufa, abin da ya rage mini kaɗan ne. Ke kuwa yanzu za ki fara. In aka ce bakinki yana yoyo, har ki mutu ba mai buɗe miki ƙofa a ƙasar nan, karatun ya tashi a banza. Tashi ki hura mini wuta."

Abin da ta ji tsoro shi ya faru. Dangin mijin suka taso, suka ce abin a jini yake, kada a ɓata musu zuri'a. Kafin mako ya zagayo an mayar da mai jego gidan iyayenta a wani ƙauye wajen Bici, aka riƙe jaririyar a hannun kakarta.

Gwaggo ba ta zauna ba. Ta ce in samo mata takarda daga ofis wadda za ta nuna a asibiti, in rubuta mata sunan ɓangaren da za ta tambaya. Wannan kaɗai ne amfanin da na yi. Ta ɗaure takardar a bakin zani, ta hau mota zuwa Kano, ta sake hawa wata zuwa Bici, ta zauna da iyayen yarinyar kwana biyu har suka yarda. Ita ta kai ta, ita ta yi jinyarta, kuma duk ranar komawa ganin likita sai ta rufe tukunyar daddawarta ta tafi. Kafin damina ta sauka matar ta warke sarai. Amma auren bai dawo ba. Daga baya ta yi wani a can, ta hayayyafa. 'Yarta ta fari ta tashi a garinmu, tana ganin uwarta daga sallah sai sallah, kuma duk ranar da faɗan yara ya haɗa ta da wani, an san kalmar da za a jefe ta da ita.

Gwaggo kuwa ta biya da abin da ta fi ƙauna. In ta shiga gida sai hira ta mutu. Wasu suka koma karɓar daddawa daga bakin ƙofa. Matar da aka saba kira tun kafin a kira ungozoma, sai ta riƙa jin labarin haihuwa da saki da rashin lafiya a bakin 'yan talla. Na taɓa zuwa hutu na tarar da ita zaune da rana tsaka tana kaɗa ƙuda, ƙwaryar a rufe a gefenta. Na ce yau ba fita? Ta ce ƙafa ce. Ya ɗauki wajen shekara biyu kafin ƙofofi su fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, don buƙata ba ta bar mutane sun yi ta fushi ba. Ƙofa ɗaya ce ba ta sake buɗewa ba.

Ni kuma na sami maki mai kyau. Malama ta rubuta a gefen rahoton cewa kuskuren na mai shiga tsakani ne, in kula da wanda nake aikawa nan gaba. Na karanta, ban gyara mata ba. Da na rubuta kundin kammala digiri, na gode wa iyayena da malamaina da ƙawayena har da mai buga takardu. Ban sa Gwaggo ba, don na kasa rubuta sunanta a ƙarƙashin aikin da aka gina a kan wannan rahoton.

Yau shekara tara ke nan. Ina aikin da na karanta, kuma duk shekara jami'a tana turo mini ɗalibai aikin gwaji. Nakan ce musu su bar mota a bakin kasuwa su taka da ƙafa. Makon farko kada in ga fom a hannun kowa, gaisuwa kawai, gidan mai unguwa, gidan liman, gidan ungozoma. Su nemo tsohuwar da take shiga kowane gida, don ba ƙauyen da ba shi da ita, su zauna a ƙasa su saurare ta. Izini kuma daga bakin mai abin ake karɓa, ba daga bakin wani ba. Suna rubutawa da sauri, suna cewa Hajiya ta san ƙauye. Ban taɓa gaya musu wanda ya biya kuɗin wannan sanin ba.

Sau ɗaya na gwada ba ta haƙuri, shekarar da na yi aure. Na zauna kusa da ita tana ƙulla daddawa, na ce, "Gwaggo, maganar nan ta shekarun baya..." Ta katse ni. "Wadda aka binne? Miƙo mini faifan can." Na miƙa mata, na ji sanyi a raina, na ɗauki wannan a matsayin izinin yin shiru har abada. Amma nata haƙƙin ta yafe. Ba ta ce kada in gaya wa uwar mijin nan gaskiya ba. Ni na ga dama na fahimce ta haka.

Ranar sadakar uku na dubi matan da suke shiga suna fita, na tambayi mahaifiyata ko uwar mijin nan ta zo. Ta ce, "Ba ta zo ba, ba kuma za ta zo ba. Ko da aka wuce da makara ta ƙofarta ba ta leƙo ba."

Na yafa mayafi na fita. Gida huɗu ne tsakani, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, ta rame, ido ya fara yi mata hazo. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce, "Inna, magana na zo da ita, ki bari in kai ƙarshe." Na gaya mata duka: yadda Gwaggo ta ce in riƙe bakina, yadda na rubuta, yadda na zaɓi ranar kasuwa, yadda ta dawo ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba, Inna."

"Ta durƙusa mini."

"Ta durƙusa."

Ta ture faifan gefe. "Shekara tara ina juya mata baya a hanyar rijiya. Da jikata ta yi ƙyanda na tarar da kunu a bakin ƙofa, na gane ƙwaryarta, na zubar wa awaki. Ta gaishe ni ranar sallah a gaban mutane na tofar da yawu." Ta juyo ta dube ni. "Kina da baki duk shekarun nan. Sai da ƙasa ta rufe ta kika zo? Yanzu wa zan ba haƙuri?"

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ba yau ba. In Allah Ya sanyaya mini zuciya, zan aiko miki. Kuma ba ni kaɗai kika yi wa ba. Akwai wadda take Bici."

Na ce zan je. Kuma zan je, na riga na gaya wa Baba komai, shi zai raka ni bayan sadakar bakwai.

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da sandarta. Na matsa zan riƙe mata hannu, ta janye. "Kada ki biyo ni. Ni kaɗai zan shiga."

Na tsaya a jikin danga ina kallonta tana takawa a hankali har ƙofar gidanmu. Na ji ta yi wa Baba gaisuwa a zaure. Da ta shiga ciki hirar mata ta ɗauke. Sai na ji muryarta, da ƙarfi yadda kowa zai ji, tana cewa, "Ku shaida, na zalunci baiwar Allah nan. Amanar da na ba ta, da ita ta tafi kabari."

Allah Ka ji ƙan Gwaggo. Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Yadda ta suturta bayinka a duniya, har da wadda ba ta cancanta ba, Ka suturta ta ranar da ba sutura sai taka. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a. In da saura, ya roƙa mini gafarar waɗanda na ɓata wa.